Daga Gurna Zuwa Dandaji: Yadda Ginin Laka Ya Dawo

A shekarar 1986, a harabar tsohuwar fadar Badi da ke Marakish a ƙasar Maroko, aka yi bikin miƙa lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake bayarwa duk bayan shekara uku ga gine-ginen da suka yi zarra a cikin al'ummomin Musulmi. Ayyuka shida ne suka tsallake siraɗin alƙalai a wannan zagaye. Akwai gyaran Masallacin Al-Aƙsa na birnin Ƙudus, da farfaɗo da tsohon garin Mostar na ƙasar Yugoslabiya ta wancan zamani, da wani rukunin ofisoshi a Istanbul wanda Sedad Eldem, dattijon masu zanen gini na Turkiyya, ya tsara. Sai kuma masallacin Juma'ar Yama, wani ƙauye a yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar. Na laka ne da itace. Wanda ya gina shi, Alhaji Falke Barmu, manomi ne da damina, magini da rani, kuma bai taɓa zama a ajin koyon zanen gini ba.

Lokacin da abin ya faru shi ne ya ƙara wa labarin armashi. A waɗannan shekaru, daga Kano har Yamai, duk wanda Allah ya buɗa wa, abin da zai fara yi shi ne ya rushe soron ubansa ya kira birkila. Gidan ƙasa ya zama shaidar rashi, gidan bulo da kwano ya zama shaidar an fita kunya. Ana cikin wannan ne wasu manyan masana suka ɗauki aikin maginin ƙauye suka ajiye shi sahu ɗaya da Masallacin Ƙudus. Sai dai ba dare ɗaya idonsu ya buɗe ba. Kafin nan, wani Bamisire ya shafe kusan shekara arba'in ana yi masa kallon wanda ke son mayar da mutane zamanin jiya.

Sunansa Hassan Fathi. An haife shi a Iskandariyya a 1900, ɗan masu hali ne, ya yi karatun zanen gini irin na Turawa a Alƙahira. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ƙara tura shi ga laka, domin ƙarfe da katako sun yi wuyar shigowa, Masar kuwa ba ƙasar itace ba ce. Tayar da bango ba wani abu ba ne, kowane baƙauye a gaɓar Kogin Nilu ya iya. Rufi ne ya gagara. A 1941, a wata gonar gwaji da ke Bahtim kusa da Alƙahira, Fathi ya sa magina su yi masa rufi mai lanƙwasa da tubalin laka, rufin ya rufta. Ɗan'uwansa da ke aiki a madatsar ruwan Aswan ne ya ba shi labarin cewa can kudu, Nubiyawa suna rufe ɗakunansu ba tare da ko sanda ɗaya ba. Ya niƙi gari ya tafi.

Aikin magina biyu ne, kayan aikinsu kuma bai wuce gizago da hannuwa ba. Sukan fara tayar da bangon ƙarshen ɗaki ya ɗara na gefe tsawo. A jikinsa sai su shata siffar baka da curin laka, da ido kawai, su gyara gefenta da gizago. Tubalan rufin daban ne da na bango: sirara ne, marasa nauyi, an wadata su da ciyawa, kuma tun suna ɗanye an ja yatsu biyu a fuskar kowanne domin laka ta sami wurin kamawa. Magini zai manna tubalin farko a gindin bakan, ba a tsaye cak ba, a jingine da bango, abokin aikinsa ya yi haka ta ɗaya gefen. Layin farko gajere ne, na biyu ya ɗan fi shi, kowanne na kishingiɗe a kan na bayansa, har layukan su haɗe a ƙololuwa. Daga nan sai su yi ta tahowa da baya, baka bayan baka, har ɗaki ya rufu. Babu katakon tokara, babu abin da za a jira ya bushe a cire. Laka tana iya ɗaukar danniya, ja ne ba ta jurewa, wannan siffa kuwa tana sa nauyin kowane tubali ya bi lanƙwasa ya sauka cikin bango yana danne na ƙarƙashinsa. Dabarar ta tsufa ƙwarai: rumbunan da ke bayan haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu a Luksor da ita aka yi su, sun haura shekara dubu uku, wasunsu na nan tsaye.

Fathi ya kwaso maginan Aswan ya komo arewa da su. Ba da daɗewa ba ya sami damar da kowane mai zanen gini ke mafarki, wato a ba shi gari guda ya tsara tun daga tushe.

A hayin Luksor, yamma da kogi, akwai wani ƙauye mai suna Gurna wanda aka gina a bisa kaburburan manyan fadawan Fir'aunoni. Mutanensa, kimanin dubu bakwai, suna da suna wajen haƙa. 'Yan gidan Abdurrasul na wannan ƙauye ne suka gano ramin da aka ɓoye gawarwakin sarakuna a Deir el-Bahari, suka yi shekaru suna sayar da kayan ciki kaɗan-kaɗan kafin asiri ya tonu a 1881. Da hukumar kula da kayan tarihi ta gaji, sai gwamnati ta yanke shawarar a tashi ƙauyen gaba ɗaya a gina masa sabon mazauni a ƙasan dutse, cikin gonaki. Bayan an gama yaƙi aka danƙa wa Fathi aikin.

Ya zuba duk abin da ya sani. Ya gina masallaci mai ƙubba, da kasuwa, da masaukin fatake da masu sana'a, da makaranta, har da dandalin wasan kwaikwayo. Ya ƙi jera gidaje iri ɗaya kamar barikin soja, ya yi ta bin iyalai yana tambayar yadda suke zama, ya karkasa garin unguwa-unguwa bisa dangi, kowace da ɗan filinta. Ya dawo da wata tsohuwar dabarar Alƙahira da ake kira malƙaf, wata kafa ce a saman gini mai fuskantar iskar arewa, tana kamo ta ta zubo cikin ɗaki. Bangon mai kauri kuwa aikinsa sananne ne ga duk wanda ya taɓa kwana a soro: yana shanye zafin rana a hankali, bai gama ratsawa ciki ba sai dare ya yi, lokacin da gari ya huce.

Mutanen Gurna suka ce ba su san zancen ba. Abincinsu yana kan dutse, tsakanin kaburbura da masu yawon buɗe ido, an ce su sauko su zama manoma a ƙasar da ba tasu ba. Ƙubbar da Fathi ke alfahari da ita, a wajensu ta kan kabarin waliyyi ce, ba ta ɗakin da rayayye zai kwana ba. Wata rana aka wayi gari an fasa shingen da ke tare ambaliyar Nilu, ruwa ya malale sabon garin. Ma'aikatan gwamnati a Alƙahira su ma suna ta jan ƙafa wajen sakin kuɗi, 'yan kwangila ba sa murna da ginin da babu siminti balle riba, ga annobar kwalara ta 1947. Kafin shekarun 1940 su ƙare aiki ya cije, ba a gina ko rabin gidajen da aka tsara ba.

Fathi ya ɗora laifin a kan ma'aikata da 'yan kwangila, kuma yana da gaskiyarsa. Amma akwai wadda ya kasa haɗiyewa. Ya tambayi mutanen Gurna irin ɗakin da suke so, alhali tambayar da ta fi wannan, ko suna son tashi, an riga an amsa ta a madadinsu a wani ofis. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Gidan laka kuma ya fi kowane gida buƙatar mai son sa, domin kowace shekara sai an duba shi an yaɓe. Wanda aka tilasta wa gida ba zai kwaɓa ƙasa dominsa ba.

Littafin da ya rubuta a kan wannan faɗuwa shi ya ɗaukaka shi. Ya fito a Alƙahira a 1969, aka sake buga shi a Shikago a 1973 da sunan da ke nufin gini domin talakawa, daidai lokacin da tsadar man fetur ta sa Turawa suka fara tunanin gidan da ba sai da na'urar sanyaya ɗaki ba. Ɗalibai suka yi ta tururuwa zuwa gidansa a tsohuwar Alƙahira. A 1980 ya karɓi lambar girmamawa ta musamman ta Aga Khan, aka kuma gayyace shi jihar New Mexico ta Amurka, inda shi da maginan Nubiya biyu suka gina masallacin laka a Abikiyu. A gida kuwa masu kuɗi ne suka fi kiransa ya zana musu gidajen hutawa. Ya rasu a 1989. Sabuwar Gurna tana nan, mutane sun cika ta daga baya, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa da gishiri sun ci gindin gine-ginen, da yawa daga cikin mazauna sun rushe nasu sun ɗora benen kankare. Sai a 2009 hukumar UNESCO ta shiga aikin ceto abin da ya saura, su kuwa mutanen kan dutse, sai wajen 2006 gwamnati ta iya tashinsu da motocin rusau.

Yama ba ta san da wannan dambarwa ba. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar su ma su sami masallacin Juma'a nasu, suka ba Falke Barmu aikin. Ba hukuma, ba ɗan kwangila. Mai ƙarfi ya kwaɓa ƙasa, wani ya yi tubali, wani ya ɗebo ruwa, wani ya saro itace, wanda ba zai iya ko ɗaya ba ya kawo hatsi ko kuɗi. Ginin farko bai da wani ado: zaure ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere, da mihirabi.

Falke ba daga sama ya faɗo ba. Bayansa akwai sana'a mai sarauta, mai Sarkin Magina, mai sirrin da ake gada daga uba zuwa ɗa. Maginin Hausa ya bi wata hanya dabam da ta Nubiyawa wajen warware matsalar rufi. Shi yana da giginya, wadda ake tsagawa a fitar da azara, itacen da gara ba ta cika damunsa ba. Azara ɗaya ba ta iya tsallake faffaɗan ɗaki, sai ya riƙa dasa su cikin bango hawa-hawa, kowane ɗauri na zarce na ƙarƙashinsa, a ɗaure da igiya a lulluɓe da laka, har ƙafar nan da ta can su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Waje kuma a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, haɗin katsin marina da gashin majema da dafara, domin ruwa ya zame ya bi indararo. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen ƙarshen shekarun 1830. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na aikinsa da sabon ginin zamani. Wanda ke son ganin siffarsa ta asali daga waje, sai dai ya je Jos, gidan adana gine-ginen gargajiya da Farfesa Dmochowski, mutumin Folan, ya assasa, inda aka gina kwafinsa.

A 1975 rufin masallacin Yama ya buƙaci gyara. Falke bai tsaya ga faci ba, ya sauke rufin ya mayar da shi na baka, ya tayar da ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace na da faɗin gindi, tana tsukewa tana hawa, da zankwaye a kanta. Shekara ashirin ke nan ana gini ɗaya, ana yi ana hutawa gwargwadon yadda damina ta yi kyau. Wanda ya saba da aikin kwangila zai ce an yi nawa. Amma a cikin shekarun nan ashirin an yi yaran da suka fara da miƙa tubali suka gama suna magina.

A 1975 ɗin nan da Falke ke ɗaure bakansa, jiragen ruwa sama da 400 ne suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas, kowanne maƙare da siminti. Kuɗin mai ya shigo, hukumomin gwamnatin Gowon sun yi odar kimanin tan miliyan 20, alhali tashar ba ta iya sauke fiye da wajen tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage suka yi watanni suna jira ana biyansu kuɗin zama, wani simintin ya daskare tun yana cikin jirgi. Ko a kusa da Yama ma, masana'antar siminti ta Malbaza tana aiki tun shekarun 1960, haka ta Kalambaina a Sakkwato. Iskar zamani gaba ɗaya can ta nufa.

Ba kuma za a ce mutane wauta suka yi ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana tara kwanoni a ƙarƙashin soro mai yoyo cikin watan Agusta ya san dalilin son kwano. Laka tana da maƙiya biyu, ruwan sama a ka da damshi a gindi, kuma duk damina sai an ji katangar da ta faɗa wa mutane cikin dare. Yaɓen shekara-shekara yana son hannaye da yawa, samarin kuwa sun tafi ci-rani. Giginya ta yi ƙaranci, kuɗin azara ya tashi. Kududdufin da ake ɗibar ƙasa a bayan gari an cike shi an yanka filaye. Masu yabon ginin ƙasa daga cikin ofis mai sanyi sukan tsallake wannan babi.

Ƙarancin itacen ne ma ya kawo dabarar Nubiyawa ƙasar Nijar. Wasu matasa uku da suka yi aiki tare da Fathi a farkon shekarun 1970 sun kafa ƙungiya mai suna Development Workshop. A 1980, bayan farin da ya cinye itatuwan Sahel, aka kira ta zuwa Cikal, a yankin Filinge, ta koya wa magina rufin baka da ƙubba na tubali zalla. Daga nan ginin da ba itace ya bazu, aka horar da ɗaruruwan magina a Nijar da Mali da Burkina Faso. Abin da Gurna ta ƙi karɓa daga hannun gwamnati, ga shi ya sami shiga a wani wuri ta hannun maginan gari, waɗanda suka ga akwai abinci a ciki.

Wanda ya haɗa darasin Gurna da na Yama wuri ɗaya ɗan Burkina Faso ne. An haifi Francis Kéré a 1965 a Gando, ƙauyen da ba makaranta. Mahaifinsa ne mai gari, ya tura shi Tenkodogo yana ɗan shekara bakwai domin a sami mai karanta masa wasiƙu. Ajin da ya zauna na bulo ne da kwano, ba iska ba haske, yara sun yi cunkus. A 1985 ya sami tallafin zuwa Jamus koyon kafinta, ya yi karatun dare har ya shiga jami'ar fasaha ta Balin. Tun yana ɗalibi ya kafa ƙungiyar tara kuɗi, ya koma gida ya ce zai gina makaranta. Da mutanen Gando suka ji da laka zai gina, gwiwarsu ta yi sanyi: wai ɗansu ya je har Turai ya dawo musu da abin da suka baro.

Kéré bai yi musu wa'azin al'ada ba, ya tunkari maƙiyan nan biyu. Ya ɗora ginin a kan harsashin dutse domin damshi. Tubalin kuma ba na hannu ba ne, na matsi ne: ƙasa da ɗan siminti kaɗan, a zuba a wani injin hannu mai doguwar mariƙa a danne, ya fito da kaifin kusurwa kamar bulo. Asalin irin wannan inji daga Bogota ta ƙasar Kolombiya yake, inda injiniya Raúl Ramírez ya ƙera shi a shekarun 1950. Sai rufin, wanda shi ne gwanintar. Ajin yana da silin na tubali, sannan can sama da shi, a kan saƙar rodi da maƙeran gari suka yi walda, aka shimfiɗa kwano mai faɗi wanda ya zarce bango ta kowane gefe kamar malafa. Ruwa ba ya dukan bango. Rana na dukan kwano, amma iska na ratsawa tsakaninsa da silin tana kwashe zafin, iskar cikin aji mai ɗumi ta tashi ta fice, mai sanyi ta shigo ta taga. Kwanon da ya gasa shi yana yaro bai jefar da shi ba, ɗaga shi kawai ya yi. Yara suka tara duwatsu, mata suka ɗebo ruwa, aka gama azuzuwa uku a 2001. A 2004 makarantar ta ci lambar Aga Khan, a 2022 kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a tun da aka kafa ta a 1979.

Turai ma ta waiwayo, da nata dalilin. Sarrafa siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya, saboda haka duk abin da zai rage shi ya zama abin nema. Tun 1979 akwai cibiyar binciken ginin ƙasa mai suna CRAterre a Girenobul ta Faransa. A 2014 kamfanin Herzog da de Meuron, wanda ya tsara babban filin wasan Olamfik na Beijin, ya gina wa masu alewar Ricola ma'ajiyar ganyayyaki a Laufen ta ƙasar Suwizalan, tsawonta ya haura mita 100, bangonta na dandaƙaƙƙiyar ƙasa. A can, da yake ladan ma'aikaci na da tsada, bangon ƙasa sai mai hali. Abin da ake gudu a Zinder saboda kada a ce mutum talaka ne, a Suwizalan sai an tara ake iya saye.

Labarin ya sake zagayowa yankin Tawa ta hannun wata 'yar Nijar. Mariam Issoufou Kamara, wadda aka haifa a 1979, kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana rubuta manhaja kafin ta ajiye ta koma aji, ta kammala karatun zanen gini a Jami'ar Washington a 2013. Aikinta na farko da ya yi suna, tare da wasu abokan aiki, shi ne rukunin gidajen Niamey 2000 a Yamai, benaye na tubalin matsi domin masu matsakaicin ƙarfi, wanda aka gama a 2016. Can kuma a Dandaji, wani ƙauyen Hausawa mai mutum kimanin dubu uku, akwai tsohon masallacin Juma'a na laka, shi ma aikin Falke Barmu. Ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, har an fara maganar a rushe shi a gina na siminti.

Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum dubu a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Suka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Sabon masallacin bai yi gaba da kankare ba. Ginshiƙansa da bakunansa na kankare ne, an shafe su fari, tsakaninsu kuma ƙananan tulluwa ne na jan tubalin matsi da aka yi da ƙasar da aka haƙa a kusa da garin. Duk wanda ya ɗaga kai a ciki zai gane ɗaurin guga ne aka sake faɗa da wani harshe. Don gyaran tsohon kuwa, sai aka nemo maginan da suka yi aikinsa tun farko, suka nuna yadda aka ɗaure shi, su kuma aka nuna musu abubuwan da ake ƙara wa yaɓe domin ya daɗe bai zaizaye ba. Aikin ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa ta duniya a 2018. Gidauniyar, ga mai son sani, ta ɗaya daga cikin manyan kamfanonin siminti na duniya ce.

An gama ginin a 2018. Tsakanin sabon masallaci da tsoho akwai fili da aka dasa wa itatuwa, da tankin ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina domin ban-ruwa. A cikin tsohon, an saka kantocin littattafai tsakanin ginshiƙan Falke, an ɗaga wani ɗan bene na zaman karatu, an ƙara azuzuwa a gefe inda manya ke koyon karatu da lissafi. Matan garin, waɗanda a da ba kasafai suke taka harabar ba, yanzu nan suke zuwa darasi, 'yan makaranta kuma su zauna da littattafansu a ƙarƙashin bakan gizo har a kira sallah daga ɗaya ginin.